Yayen Latifa a Ƙwanni

Wanda ya fara ƙetara iyaka da ɗan yaye a zuri'ar Alhaji Abdulrauf mai kanwa shi ne Alhaji Abdulrauf ɗin da kansa, a shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Ya ɗauki ɗansa na fari, Ubaidullahi, daga bayan uwarsa a nan Illela, ya kai shi Ƙwanni ta ƙasar Nijar, gidan ƙanensa, ya ce yaye ne. Yaron bai dawo ba sai da gemu ya fito masa. Hikimar Alhaji ita ce, gidan da ke neman abincinsa a kan iyaka bai kamata ya rasa nasa mutum a kowane ɓangare ba. Tun daga lokacin abin ya zama ƙa'idar gidan, duk ɗan fari, mace ko namiji, a Ƙwanni ake yaye shi, a can kuma yake tashi.

Sai dai da yake Alhaji mutum ne mai gudun zalunci, ya bar wa uwaye mafita guda. Idan uwa ta riƙe zanen da take goyo da shi, to aron yaro ta bayar, bayan mako biyu a mayar mata da abinta. Idan kuwa ta haɗa zanen cikin kayan yaron, ta sallama ke nan, babu mai sake tayar da maganar. Shekara hamsin ana haka, ba a taɓa jin uwar da ta riƙe zane ba, domin matan gidan duk 'yan dangi ne, sun san ƙa'idar tun suna ƙanana, kuma kunyar ɗan fari ba ta barin mace ta nuna tana son abin da ta haifa.

Ruƙayyatu ba 'yar dangi ba ce. 'Yar wani malamin makarantar allo ce daga Gidan Katta, ita ce baƙuwa ta farko da aka auro cikin gidan. Mijinta Attahiru ɗan Alhaji Ubaidullahi ne na uku, yana auna wake da kanwa a shagon mahaifinsa. An ba su ɗaki da rumfa a kusurwar gidan, wajen da rana ta fi dukan bango. Zamansu bai wuce na sauran masu ƙaramin ƙarfi ba. Ruwa sai an jira mai kura, wuta ta fi zama babu, ranar Lahadi kuma, da yake kasuwa ke ci, Attahiru ba ya shigowa sai ƙafafunsa sun kumbura. Ruƙayyatu tana tuyar awara da la'asar, matan unguwa suna aikowa su saya. Duk da haka ɗakin yana da abin da ya fi kowane ɗaki a gidan, wato 'yarsu Latifa.

A tsakar gida babu wanda ke kama sunanta a cikinsu. Idan ta faɗi, Ruƙayyatu sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga ta. Idan ta riƙe ƙafar wandon Attahiru, sai ya zame kamar bai san ko ɗiyar wa ce ba. Amma da zarar an saki labule, wannan mutumin mai kamewa shi ne ke rarrafe a ƙasa Latifa tana bisa bayansa tana dukansa da murfin kwano, uwar tana toshe baki don kada a ji dariyarta a waje.

Da yarinyar ta kusa cika shekara biyu, aka sa ranar yaye. Mahaifin Ruƙayyatu ya aiko da rubutun sha. Gwaggo Hadijatu ta zo daga Ƙwanni, ita ce 'yar ƙanen Alhaji Abdulrauf, gida ɗaya suka tashi da Alhaji Ubaidullahi. Ruƙayyatu ta san yaye irin na garinsu, a kai yaro wurin kaka mako ɗaya ko biyu ya manta nono a dawo da shi, saboda haka ta zuba riguna huɗu a jaka, da kofin da yarinyar ta saba da shi. Daga nan ta tuna Latifa ba ta yin barci sai ta cusa hanci cikin zanen goyonta. Ta kwance shi daga ƙugunta, ta ninke, ta ɗora a saman kayan. Gwaggo da surukarta Inna Jamilatu suka dubi juna suka gyaɗa kai. Attahiru yana tsaye a bakin rumfa riƙe da makullin babur. Ya ga zanen ya shiga jaka, ya sunkuyar da kai, ya fita tayar da babur.

Makon farko nono ya cika ya yi tauri, har zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta ɗaure ƙirji ta ci gaba da tuya. Mako na biyu ya wuce, ta wanke shimfiɗar yarinyar ta shanya. Babu wanda ya zo. Uwa ba ta tambayar ɗan fari, don haka sai ta riƙa kewayawa, ta tambayi lafiyar Gwaggo, ta tambayi ko hanya lafiya. Attahiru ya ce Gwaggo tana fama da ƙafa. Wani makon ya ce kaya sun yi yawa a shago. Ya daina shigowa cin abincin rana, in ya shigo kuma ba ya kallon kusurwar da takalman yarinyar suke.

A mako na shida Inna Jamilatu ta leƙo da hantsi, ta ce a ba ta katin rigakafin yarinyar da sauran takalmanta, akwai mai tafiya Ƙwanni. Ruƙayyatu ta ce ai allurar da ta rage sai wata mai zuwa, kafin nan an dawo da ita. Tsohuwar ta yi dariya, ta zauna a bakin gado, ta shiga yabonta. Ta ce ranar yaye duk gidan an yi ta maganar tarbiyyar gidan malamai, yadda baƙuwa ta haɗa zane da hannunta ba tare da an gaya mata ba, ko hawaye ba ta yi ba. Ta ce ita kanta da za a tafi da nata ɗan farin sai da aka ɓamɓare zanen daga hannunta a ɗaka. Daga nan ta warware mata ƙa'idar tun daga kan Alhaji Abdulrauf, tana yi tana jin daɗin labarin.

Ruƙayyatu ta saurara har ƙarshe. Ta ce za ta nemi katin. Tsohuwar ta fita.

Ba ta ɗora tukunya ba ranar. Bayan azahar ta aika shago a ce wa maigida ana nemansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya shigo da garin kanwa a gaban rigarsa. Ba ta yi masa sannu ba, ba ta kawo ruwa ba.

"Malam, ka san mi zanen nan ke nuhi?"

Ya dubi ƙofa, ya ce ta rage murya.

"Tambayarka ni kai. Ka sani?"

Ya ce ya sani. Ya ce ya yi niyyar gaya mata tun kafin ranar, bakinsa ya yi nauyi, domin namiji ba ya zama ya tsara yadda za a yi da ɗiyarsa ta fari. Ranar kuma ga Inna ga Gwaggo, ta ina zai buɗe baki ya ce a cire zane? Da an yi ta yi da shi har ya mutu. Ya ce Ƙwanni ba nisa, babur minti kaɗan ne, za a riƙa kawo ta da salla. Ya ce yayansa ma a can ya tashi, ga shi yau ya fi kowa a gidan.

"Kana tsaye," in ji ta. "Tsakanina da kai bai kai taku ukku ba. Ko tari ka yi da na waiwayo. Sati shidda ina ɗaure da ƙirji, kana shigowa kana ce mini ƙahwar Gwaggo."

"To mi kike so in yi yanzu? In tahi gaban Baba in ce a ba ni ɗiyata?"

"Shi ni ke so."

Ya ce wannan ba zai yiwu ba, ba a taɓa yi ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya koma shago.

Ta zauna ta auna abin. Idan ta yi yaji zuwa Gidan Katta, ta san yadda za a ƙare. Mahaifinta zai yi mata nasiha a kan haƙuri, bayan kwana uku a aiko dattawa biko da goro, a dawo da ita, maganar ta zama ta mace da mijinta, sunan Latifa ko fitowa ba zai yi ba. Kai ƙara kuwa, 'yar malam ba ta tsayar da surukinta gaban alƙali. Fushinta bai sauka ba, amma yanzu ta san abin da za ta yi.

Washegari da safe, bayan Attahiru ya fita, ta share ɗaki, ta rufe tukwane, ta sa kayanta kala uku a jaka tare da katin rigakafin. Ta tsaya a ƙofar Inna Jamilatu ta ce ita za ta kai katin da kanta. Kafin tsohuwar ta gama ɗaura ɗankwali ta fito, Ruƙayyatu ta hau babur ɗin kabu-kabu.

Ta sami Gwaggo Hadijatu a gindin darbejiya tana tsince shinkafa, Latifa tana zaune a cinyarta. An yi wa yarinyar wani kitso da Ruƙayyatu ba ta san shi ba, ta kuma yi ƙiba, wannan ma ya ƙona mata rai. Yarinyar ta dube ta na ɗan lokaci, ta juya ta ɓoye fuska a jikin Gwaggo, tana kiran Gwaggon Inna. Ruƙayyatu ta durƙusa ta gaida Gwaggo gaisuwa cikakka, ta tambayi ƙafa, Gwaggo ta ce ƙafa lafiya lau, wa ya ce tana ciwo? Ruƙayyatu ta miƙa katin. Sannan ta shigar da jakarta ɗakin baƙi, ta fito ta ɗauki tsintsiya.

Da la'asar ta yi Gwaggo ta ce ya kamata ta kama hanya kafin rana ta faɗi.

"Gwaggo, an ce ɗiyar taku ce, ban musa ba. To uwar ma taku ce. Inda anka aje ta, nan ni ke."

Gwaggo ta ajiye faifai. Ita ma mace ce mai zuciya, kuma tana da nata ciwon. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, yaron da ta riƙa, yayan Attahiru, ya koma Yamai da iyalinsa. Tun ranar sunan Latifa take jiran yayenta, har gado ta sa aka yi mata. Ta ce wa Ruƙayyatu ba ta saci ɗiyar kowa ba, a gaban mutane aka ba ta, da zane da komai. Ta ce ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, uwa ta biyo ɗan fari har wata ƙasa kamar akuya. Ruƙayyatu ta ce ta ji, ta tambayi inda ake ajiye tsakin da za a dafa.

Gwaggo ba ta iya korarta ba, domin matar ɗanta ce, korarta abin faɗe ne a dangi. Haka suka zauna, mata biyu masu fushi a gida ɗaya, suna gaisawa safe da yamma. Ruƙayyatu ta karɓe daka da wanki da ɗiban ruwa, tana yin su da ƙarfin da ya sa turmi ke amsawa har maƙwabta. Ba ta taɓa miƙa hannu ta ɗauki yarinyar ba. A kwana na huɗu tana wanke-wanke, ta ji an jingina da bayanta, ƙaramin hannu yana jan wuyan rigarta. Ba ta waiwaya ba, sai dai kwanon da ke hannunta ta wanke shi sau uku. Gwaggo tana kallo daga rumfa, ta tashi ta shiga ɗaka.

A Illela kuwa, kamar yadda matan da ke zuwa cin kasuwa suka riƙa kawo labari, gidan ya rasa inda zai sa kansa. An san yaji, an san biko, amma biko gidan iyayen mace ake kai shi. Ita ga ta a gidan dangin mijinta, tana yi wa gwaggonsa hidima. Aka aika Gidan Katta, malamin ya ce shi a saninsa ya aurar da 'yarsa ga zuri'ar Alhaji Abdulrauf, kuma ya ji tana gidan zuri'ar Alhaji Abdulrauf, bai ga abin da zai ce ba. Aka aiko mata mutum biyu, ta karɓe su da ladabi, ta ba su fura, ta ce ba ta yi faɗa da kowa ba. A kasuwa aka fara tambayar Attahiru ko matarsa ta koma cin sefar Nijar. Ita dai ba ta ji daga gare shi ba, ko a waya, kuma kowace rana da ta wuce a haka tana ƙara mata wani abu a zuciya.

A kwana na goma sha ɗaya Alhaji Ubaidullahi ya zo da kansa, Attahiru yana biye. Aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gidan da ya tashi a ciki. Gwaggo ta zauna gefe da Latifa a cinya, Ruƙayyatu ta durƙusa daga nesa ta ja mayafi. Alhaji bai dube ta ba. Ya fara daga mahaifinsa, ya lissafa 'ya'yan farin da aka kawo gidan ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowannensu ya zama. Ya ce shi ne na farkonsu, kuma bai ga ta inda ya ragu ba. Sannan ya sa Gwaggo ta tambaye ta, domin suruki ba ya yi wa matar ɗansa magana kai tsaye, ko da hannunta ta sa zanen, ko wani ya tilasta ta.

Ruƙayyatu ba ta jira Gwaggo ta maimaita ba.

"Da hannuna na sa, Baba. Ban san mi yake nuhi ba, don ba a gidan ga anka haihe ni ba. Wanda ya sani shina tsaye yana kallona. Kyautar da mai ita bai san ya yi ba, ni ban karanta ta ba wurin mahaihina."

Ba a taɓa jin muryar suruka ta kai kunnen Alhaji ba sai a gaisuwa. Ya ce to, tunda abin ya zama na karatu, a shari'a ma uba ke da ɗa. Ya juya ga Attahiru, yana da tabbacin abin da zai biyo baya, domin ya san irin tarbiyyar da ya yi.

"Kai, ga ɗiya nan. In kana son ta, buɗe baki ka hwaɗi gabana."

Attahiru ya sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da Ruƙayyatu ta riga ta sani. Ta dube shi ta ƙasan mayafi, ta ƙudura a ranta cewa in ya yi shiru wannan karon, ba za ta sake zama ƙarƙashin rufi ɗaya da shi ba, ko da kuwa za ta tsufa tana daka a Ƙwanni. Shirun ya yi tsawo har Alhaji ya fara neman takalmansa. Latifa ce ta zame daga cinyar Gwaggo, ta taka ta je ta kama ƙafar wandon ubanta. Bai zame ba.

"Ina son ta, Baba." Attahiru ya ɗaga kai. "Ina son Latifa. A ɗakina ni ke son ta tashi. Laihin nawa ne, na gani na yi shiru."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya ce bai taɓa zaton zai rayu ya ji ɗansa ya kama sunan ɗan fari a gabansa ba. Ya ce magana ta fita daga bakinsa, ba zai janye ba, su ɗauki ɗiyarsu. Amma wanda ya fi ƙarfin ƙa'idar gida ya fi ƙarfin shagon gida. Ya miƙa hannu, Attahiru ya zaro makullin shago daga aljihu ya ɗora masa. Gwaggo ta tashi ta shiga ɗaka ta turo ƙofa. Ruƙayyatu ta je bakin ƙofar ta durƙusa ta yi sallama sau uku, ba a amsa ba, sai kayan yarinyar da aka miƙo ta taga.

A kan babur, Latifa tana tsakaninsu, Attahiru ya ce mata ai ga shi ya faɗa. Ta ce ta ji, sati bakwai da kwana huɗu ne ya yi latti.

Ga yadda abin ya tsaya. Sun rasa shagon, sun rasa ɗakin kusurwa, domin kafin wata ya ƙare sun koma haya kusa da kasuwar kara, inda Attahiru ya sami aikin auna hatsi a rumfar wani. Gwaggo Hadijatu ta yi salla biyu ba ta amsa gaisuwarsu ba, matan dangi kuma sun sa wa Ruƙayyatu suna marar kunya, har yau bai bar ta ba. Abin da suka samu shi ne Latifa, wadda yanzu take zuwa Islamiyya da safe ta dawo ta zauna kusa da kaskon awara tana cin gutsattsari. Abin da suka riƙe kuwa aurensu ne, da mutuncin malamin Gidan Katta wanda ba a tsayar da shi gaban kowa ba, da kuma sauran fushin da Ruƙayyatu ba ta zubar ba, wanda ya sa har gobe in za a fita da yarinyar, ko gidan maƙwabta ne, sai Attahiru ya faɗa mata inda za a je da lokacin da za a dawo.